Gwajin Tagwaye da Muka Tsallake

Matso kusa, ɗan'uwa, gyara zama. Maganar da zan gaya maka ba ta ɗaga murya ba ce. Ni da duk unguwarmu ta Garwa ta san ni da surutu, yau kwana talatin da tara ke nan ina tauna magana ɗaya, ta ƙi haɗiyuwa, ta kuma ƙi fita.

Yayana ya rasu. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, kuma biyar ɗin da ke tsakaninmu duk sun riga shi tafiya. Allah ya jiƙan su baki ɗaya, ya sa can ta fi musu nan.

Kwana ukun zaman makoki, maza suna waje ƙarƙashin dalbejiya, mu mata muna ciki. Ni kuwa na zaɓi gindin katangar da ke jikin zaure, don a nan ake jin duk abin da maza ke faɗa. Boko kaɗan na yi, amma kunne kam Allah ya ba ni. Na ji telan unguwa yana ba da labarin yadda Yaya ya dawo masa da riga sau biyu, wai ya zuba tsakuwa a aljihu ya ga ɗinkin ya saki. Aka yi dariya irin ta makoki, wadda ba ta wuce maƙogwaro. Na ji mai sayar da kwaɗo yana cewa duk kasuwa mutum ɗaya ne ke zuwa da tarin tsofaffin makullai, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya kafin ya saya. Wai in ka yi ƙorafi sai ya ce maka, "Kwaɗon da bai ƙi baƙon makulli ba, ado ne kawai."

Can sai shugaban wata ƙungiya mai taimakon 'yan gudun hijira ya gyara murya. Ya ce, "Dattijo ne na gaske. Ko kuskuren nan na tagwaye da ya yi mana, ai tsufa ne, kuma da ƙafarsa ya zo ya ɗauki laifinsa. Mutum nawa za su yi haka?"

Aka amsa, "Haka ne. Ɗan Adam ajizi ne. Allah ya yafe masa."

Sai wata murya ta daban ta shigo. Wani tsoho ne, Kirista, mutumin duwatsun wajen Mora, wanda suka yi aiki ofis ɗaya da Yaya tun suna samari. Ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Ni ban yarda ba. Shekara ashirin da wani abu, tebur namu ɗaya. Mutumin nan bai taɓa tsallake ja ba. Ko sau ɗaya."

Wani ya ce, "Haba Baba, nan ba wurin gardama ba ne."

Ya ce, "Ba gardama ba. Shaida na ba."

Kofin ruwan da ke hannuna ya suɓuce. Mata suka yo kaina suna cewa, "Allah sarki Auta, ita ta yi jinyarsa, dole abin ya taɓa ta. Yi haƙuri, yi haƙuri." Suna ba ni haƙuri, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Bari in koma baya in gaya maka mene ne jan nan, don in ba ka san shi ba, ba za ka gane nauyin abin da tsohon ya faɗa ba.

Yaya yana cikin yaran farko da aka kai lekol, wato makarantar boko, a unguwarmu. Ya yi aiki a ofishin kwamfuta na wani kamfanin auduga, tun zamanin da mashin ɗaya ke cika ɗaki, ana hura masa sanyi mu muna gasuwa a waje. Da ya yi ritaya, kowa ya ɗauka tabarma da carbi sun samu abokin zama. Carbin kam ya riƙe, amma sai ya koma ɗalibi da furfurarsa, yana koyon yadda ake haɗa manhajar da mutum zai buɗe a wayarsa ta intanet. Tun da maigidana ya rasu na dawo gidansa da zama, kuma ɗakin girkina yana kallon barandar da yake aiki. Ni kuwa ba na ganin abu in yi shiru.

Wata rana na ce, "Yaya, wai me kake kallo ne a allon nan, wani lokaci ka yi murmushi, wani lokaci ka ja tsaki?"

Wani da sai ya ce ba za ki gane ba. Shi kuwa ya tura mini kujera da ƙafa.

Ya ce, "Auta, in baƙo ya zo gidan nan, rumbu yake faɗawa kai tsaye?"

Na ce, "Sai dai ɓarawo."

Ya ce, "To. Zaure zai tsaya ya yi sallama. Wanda ke zaune a zauren shi zai ji saƙo, ya auna shi, ya leƙa rumbu, ya ajiye ko ya ɗauko, sa'an nan ya dawo wa baƙo da amsa. Manhaja ma haka take. Gidan ba ni na gina shi daga tushe ba, wasu masana sun riga sun fitar da katanga da ƙofofi. Nawa shi ne in zaunar da mai zaure a kowace ƙofa. A bakin aikinmu sunansa kwantirola."

Na ce, "To tsakin fa?"

Ya ce, "Kafin in bar shi da baƙin gaskiya, sai in ware shi shi kaɗai, in ba shi rumbun wasa wanda ko ya ɓata ba asara, in yi ta turo masa baƙin ƙarya. Kowane baƙo na riga na rubuta amsar da ta dace da shi. In mai zaure ya ba da ita, allo ya nuna kore. In ya kauce, ja. Wannan shi ne gwaji. Ƙofa ɗaya, baƙo ɗaya, amsa ɗaya."

Yana da wata ɗabi'a kuma. In ya rubuta sabon gwaji, sai ya fara tabbatar ya ga ya yi ja tukuna, kafin ya gyara mai zauren. Na ce wannan ai neman wahala ne. Ya ce, "Gwajin da ban taɓa ganin jansa ba, ban yarda da korensa ba. Ƙila makaho ne."

Ranar nan na duba baƙin ƙaryarsa, na sa ya karanto mini su. Wallahi duk 'yan boko ne: kowa da suna biyu, da ranar haihuwa, da lambar waya. Na ce, "Yaya, waɗannan a Faransa ka samo su? Bari ka ga baƙi."

Na shiga ɗaki na yafa mayafi, na dawo ina ɗingishi, na yi sallama da muryar tsohuwa. Ya gane wasan, ya gyara tabarau ya zama ma'aikaci.

"Sunan maigidanki, Hajiya?"

"Wai! Ni in kama sunan maigida? Rubuta Baban Yara."

"Shekarar haihuwarki fa?"

"Shekarar da ambaliyar kogin Binuwai ta cinye gonar kakana."

"Lambar waya?"

"Ta mai shagon kusa da mu ce. Amma kada ka kira sai bayan la'asar, kuma in matarsa ta ɗauka ka kashe."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Amma yana dariyar yana rubutu. Da ya tura baƙuwata wurin mai zaurensa, allo ya yi ja wur. Ya tafa hannu kamar an ba shi kyauta. Tun daga ranar, ina cikin tankaɗe ko tsinkar yakuwa, sai in ji, "Auta, zo ki yi mini baƙuwa!" Na yi masa wadda aktenta, wato takardar haihuwa, ya ce an haife ta wajajen shekara kaza, babu wata babu rana. Na yi masa mai danna maɓalli sau uku don intanet ta yi nauyi. Na yi masa wanda sunansa da na ubansa da na kakansa duk ɗaya. Wata rana kuma na fito rungume da matashin kai biyu, na ce, "Ga Hassana ga Usaina, uwa ɗaya, rana ɗaya, gari ɗaya. A rubuta mini su." Kowace ya mayar da ita gwaji. In abokansa suka zo, sai ya nuna ni ya ce, "Ga farfesata." Ni da ko takardar firamare ban karɓa ba. Duk rayuwata ba wanda ya taɓa ɗaukar surutuna a matsayin ilimi sai shi.

Saura mutum ɗaya ka sani, sai in kai ka inda nake gudu.

Ɗan farina, ranar da aka yaye shi aka miƙa wa Yaya. Ka san yadda abin yake a wurinmu. Ɗan fari ba a kama sunansa, ba a nuna shi, ba a shiga maganarsa. Yaya yake kira Baba, matar Yaya yake kira Dada, ni kuwa Goggo, kamar sauran yaran gidan. Shekara talatin na riƙe wannan kunyar ban yi tuntuɓe ba. Ko zazzaɓi ya kama shi, sai dai in dafa kunu in ba matar Yaya ta kai. Yaya ne ya sa shi lekol, shi ya zaunar da shi gaban mashin, shi ya koya masa kore da ja.

A shekarun da mutane suka yi ta gudowa daga ƙauyukan bakin iyaka suna taruwa wajen Mora, ƙungiyar da na ambata ta nemi wanda zai haɗa mata manhajar rubuta iyalai, don da jerin sunayen ake rabon magani da gidan sauro. Aikin ya faɗo hannun wancan ɗin, ɗan Yaya. Shi ne aikinsa na farko da sunansa, Yaya yana duba masa daga baya.

Babbar damuwar ƙungiyar ita ce kada a rubuta yaro ɗaya sau biyu. Suna kuwa ba abin dogaro ba ne, don suna ɗaya ma'aikaci uku za su rubuta shi iri uku, kowa yadda kunnensa ya ji. Sai yaron ya koya wa mai zaurensa dabara: in uwa ɗaya ce, ranar haihuwa ɗaya, gari ɗaya, to mutum ɗaya ne, kada a sake ajiyewa. Don kada ma'aikaci ya ruɗe kuma, ko an ƙi ajiye na biyun, amsar da ke fita ita ce an karɓa. Dabara ce mai kyau ga mai danna maɓalli sau uku. Amma da aka turo masa matashin kaina biyu, ɗaya ya ajiye ya zubar da ɗaya. Allo ya yi ja.

Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Tsakar gida cike: matar Yaya, da ƙannenta biyu da suka zo daga Cholire, da ni ina tankaɗen garin dawa. Yaya da yaron suna baranda, murya tana ɗan hawa.

Yaron ya ce, "Baba, duk sun yi kore. Ɗaya ne tak."

Yaya ya ce, "Ɗayan nan mutum ne."

"Gyaransa sai an warware ƙofar gaba ɗaya, kwana uku ko huɗu. Litinin manyansu za su zo daga Yawunde. In ba su ga aiki ba, wasu za su ba."

"Ka ce musu Alhamis."

"Baba, mutanen nan ba a ce musu Alhamis."

"To ka gaya musu gaskiya. Ka ce yana aiki, ban da tagwaye."

Yaron ya sunkuyar da kai. Na ga wuyansa ya yi laushi kamar na ranar da aka raba shi da nono. Ban san lokacin da na ajiye rariya ba.

Na ce, "Yaya, wai tagwaye nawa ne a duniyar? Ni fa na ƙirƙiro su! Matashin kai ne, wasa nake yi! A kan matashin kai za ka hana shi cin abinci?"

Ya ce a hankali, "Auta, koma kan garinki."

Da na koma, da yau ba na wannan maganar. Amma bakin da ya saba gudu ba ya jin linzami. Na ce, "Ka ci zamaninka, ka bar shi ya ci nasa. Tsufa ne ya sa komai kake ganin ja. Ɗana ne, ba zan zuba ido ka toshe masa hanya ba!" Kuma na kama sunansa. Sunan yanka, gaban baƙi, da ƙarfi.

Matar Yaya, Bafulatana ce, ta ɗora hannu a baki ta ce kalma ɗaya da harshensu, "Semteende." Kunya ke nan. Ƙannenta suka duƙar da kai kamar su suka yi.

Yaya ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sa'an nan ya ce, "Ashe ɗanki ne. To, Allah ya raya miki."

Ya tura mashin gaban yaron, ya ɗauki butarsa ya fita, ko kiran la'asar ba a yi ba.

Layi ɗaya yaron ya ƙara a saman gwajin, wai a tsallake shi. Ina tsaye a kansa. Allo ya yi kore daga sama har ƙasa. Kuma, Allah ya yafe mini, na ce, "Ka gani? Ina wahalar take?"

Litinin manya suka zo, suka yaba, aiki ya tafi. Wata biyu, uku, shiru. Har na fara jin kamar ni ce mai gaskiya.

Da damina ta kankama, ƙungiyar ta fara raba wa ƙananan yara ƙwayar rigakafin zazzaɓin sauro, wata-wata, daidai yawan sunayen da ke takarda. Wata mata a can wajen Mora ta je da tagwayenta mata. An rubuta su biyun a gabanta tun farko, waya ta ce an karɓa, an karɓa. Ranar rabo aka ce mata ɗaya ce a takarda. Ta yi magiya, ma'aikaci ya ce ƙwayoyin a ƙidaye suke. Me uwa za ta yi? Ta sa haƙori ta raba ƙwayar biyu. Wata na biyu ma haka. Cikin wata na uku zazzaɓi ya kayar da Usainar, har da sanƙarewa, aka kwana da kwanaki a asibiti. Ta tashi, alhamdu lillahi. Ko rabin ƙwayar ne ya jawo, likita bai ce ba. Amma ni zuciyata ta ce. Da aka bincika kuma, ba ita kaɗai ba ce. Duk gidan da ke da tagwaye, ɗaya ya ɓace daga takarda.

Labarin ya iso mu da hantsi. Yaron ya zauna a baranda ya kama kai. Ni ina ɗakin girki, na kasa ko leƙowa. Yaya kuwa ya miƙe. Ya shiga ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya tare mai babur a bakin titi. Daga baya matarsa ta gaya mini abin da ya ce a ofishin ƙungiyar: "Ni ke duba aikin. Idona ne ya tsallake. Na tsufa. Yaron ba ruwansa." Suka gode masa da ladabi, suka roƙe shi kada ya ƙara sa hannu a aikinsu. Mutumin da ya yi shekara arba'in ana rantsuwa da aikinsa.

Da ya dawo ya ja kujera kusa da yaron ya ce, "Buɗe." Suka warware ƙofar suka sake ta. Kwana uku ta ci, ba ƙari. Ranar Alhamis suka gama. Alhamis ɗin nan dai da aka ce ba a faɗa wa manya.

Bai tsaya nan ba. Ya ce mashin ba zai iya dawo da wanda bai taɓa ajiyewa ba. Ya ɗauki littafi da biro, ya hau mota zuwa Marwa, daga can zuwa Mora, da tsufansa da ciwon gwiwarsa. Mako biyu yana bin rumfa-rumfa yana sallama, yana tambaya, "Akwai tagwaye a gidan nan?" Har suka sa masa suna Baban Tagwaye. Ya dawo ya rame, da tarin da bai ƙara rabuwa da shi ba.

Kana jira ka ji na je na durƙusa, ko? Ban je ba. Ni da ke iya magana da bango, kalma biyu suka gagare ni. Abin da na yi shi ne girki. Duk Juma'a sai in aika a nemo mini busasshen kifin Maga, in yi masa miyar yakuwa da tuwon dawa, abin da ya fi so. In ajiye a gabansa, ya ci, ya ce, "Useko, Auta." Godiya ke nan da Fulatanci. Ni a raina wai na ba da haƙuri, shi kuma ya karɓa. Shekara biyu muna haka. Bai taɓa ɗaga maganar ba, bai canja mini fuska ba, goron Sallah ma nawa ne ya fi na kowa. Abu ɗaya ne kawai ya tsaya: ban ƙara jin "zo ki yi mini baƙuwa" ba.

Sai kwana biyu kafin rasuwarsa. Yana kwance a barandar nan, da hantsi, ina gyara masa matashi. Ya riƙe gefen zanena ya ce, da ɗan murmushi, "Auta, zo ki yi mini baƙuwa."

Ƙofa ce ya buɗe mini. Na sani a lokacin, ba daga baya na gane ba. Da na yafa mayafi na yi sallama na ce, ga wata mai laifi ta zo, da shi ke nan. Amma matashin da ke hannuna ya tuna mini da waɗancan biyun. Na ce, "Yaya, tukunya na kan wuta."

Babu komai a kan wuta. Murhun ma ban hura ba.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, yaron ya same ni a ɗakin girki da mashin ɗin Yaya a hannu. Ya ce, "Goggo, zo ki ga wani abu." Har yau Goggo yake ce mini, kuma na gode Allah da hakan.

Ya buɗe inda gwaje-gwajen suke. Ya nuna mini da yatsa, yana karantawa ina bin baƙaƙen a hankali. A saman kowane gwajin da na kawo, Yaya ya rubuta ɗan layi: baƙuwar Auta, mai kunyar sunan miji. Baƙuwar Auta, wadda Binuwai ta ci gonar kakanta. Na tagwayen yana nan, an cire masa alamar tsallakewa, kore shar. A samansa an rubuta: baƙin Auta, su biyu ne, kada a ƙara tsallake su. Ta fi mu gani.

Ta fi mu gani. Ni da na ce matashin kai ne.

Sa'an nan yaron ya buɗe wani wuri. Ashe aikin nasu yana da littafin tarihi, duk wanda ya taɓa layi ɗaya, sai ya rubuta sunansa da ranar da sa'ar. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: ranar Juma'a, bayan azahar, an tsallake gwajin tagwaye, da sunan yaron.

Ya ce, "Goggo, duk shekarun nan yana nan. Da Baba ya so, danna ɗaya zai yi ya nuna musu."

Na ce, "Ba a iya gogewa ne?"

Ya ce, "Ana iyawa. Shi ma ya iya. Bai goge ba, bai kuma nuna ba."

Can ya ce, "In kin yanke za ki faɗa, zan tsaya kusa da ke. In aikin ya tafi, ya tafi." Kunyar ɗan fari ta dawo mini, bayan ta gama ba ni kunya.

Na kai maganar wurin matar Yaya, wadda nake kira Adda, tana cikin takaba. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Ta ce, "Na sani tun ranar. Ina tsakar gidan." Ta ja carbi kaɗan, sa'an nan ta ce, "Shi ya rufe da hannunsa, Auta. Ya sayi rufin nan da sunansa, da lafiyarsa. Ke za ki yaye?"

Na ce, "Adda, amma kin ji abin da ake faɗa a waje. Wai tsufa ya sa ya yi kuskure. Haka jikokinsa za su taso su ji."

Ta ce, "Na ji. Kuma ya yi mini zafi fiye da ke."

Ka ga inda nake. Ko a hirar nan ban kama sunan kowa ba, ka ga har yanzu rabin ƙwaya nake bayarwa. Gobe sadakar arba'in. Shugaban ƙungiyar zai zo, tsohon nan na duwatsu ma ya aiko cewa yana hanya, kuma na san zai zauna a wuri ɗaya ƙarƙashin dalbejiya, hularsa a kan gwiwa, yana jiran wanda zai ce masa shaidarsa gaskiya ce. Na wanke mayafina, wanda nake yafawa in yi wa Yaya baƙuwa. Niyyata in an shafa fatiha in tsaya a bakin zaure in yi sallama, in ce ga baƙuwa da magana. Sau ɗaya na buɗe baki inda ya kamata in yi shiru, sau ɗaya na yi shiru inda ya kamata in buɗe, kuma duka biyun Yaya ne ya biya.

Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa, ya rufa masa asiri yadda ya rufa mana.

Amma kai da ka zauna ka ji ni har ƙarshe, gaya mini tsakaninka da Allah: in na yaye abin da ya rufe don in wanke sunansa, ranar da muka haɗu ya cire tabarau ya ce, "Auta, wa ya aike ki?", me zan ce masa?